Kiba bayan fara maganin HIV: inda gado ya shigo da yadda zaka bi da ita

Tun da aka canza wa masu HIV magani daga kwayar TLE zuwa TLD korafi daya ne yake ta dawowa a layin karbar magani, musamman bangaren mata: kaya sun matse, tumbi ya fito, hawa bene ya zama aiki, kuma mutum ya rantse maka cin abincinsa bai canza ba. Abin da yafi daure wa mutane kai shi ne mutum biyu zasu fara kwaya iri daya a wata daya, wannan ya kara kilo goma wancan ko kilo biyu bai kara ba. A nan ne gado yake da hannu.

Amma kafin komai dan Allah kada ka ajiye maganinka saboda kiba. Kada ka rika tsallake kwana, kada ka raba kwaya gida biyu. Kiba ana iya bi da ita a hankali, ita kuwa kwayar cutar idan ta samu sarari ta dawo har ta koyi jure wa maganin, matsalar da zaka shiga tafi ta tumbi nesa ba kusa ba, ga kuma iyalinka, tunda danne cutar a jini shi ne yake hana ta wucewa ga miji ko mata ko jariri.

TLD kwaya daya ce mai magani uku a ciki, tenofovir da lamivudine da dolutegravir. A da na ukun efavirenz ne, shi ya sa ake cewa TLE. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce dolutegravir ne zabin farko ga kowa har da mata masu ciki, saboda yafi saurin danne cutar, cutar bata saurin jure masa, kuma ba kasafai yake kawo jiri da munanan mafarkan nan da masu efavirenz suka sha fama dasu ba. Canjin alheri ne, wannan babu ja. Sai dai a shekarar ne kuma sakamakon wasu manyan bincike guda biyu ya fito, duka a nan Afirka aka yi su. Daya sunansa ADVANCE, a Johannesburg, da mutum sama da 1,000. Bayan sati 96 masu shan dolutegravir hade da sabon samfurin tenofovir da ake kira TAF sun kara wajen kilo 7, masu dolutegravir da tsohon tenofovir wato TDF, irin wanda ke cikin TLD dinmu, wajen kilo 4, masu efavirenz kuwa wajen kilo 2. Dayan kuma NAMSAL a Yawunde ta Kamaru, mutum sama da 600, bayan sati 48 masu dolutegravir sun kara kilo 5 masu efavirenz kilo 3. Kuma a ADVANCE mata sun fi maza karawa sosai. Don haka 'yar uwa idan kin ce maganin nan ya sa ki kiba ba sharri kika yi masa ba, kuma ba ke kadai bace.

To amma wadannan lambobin matsakaici ne. A cikinsu akwai wanda ya kara kilo goma sha biyar akwai wanda ma raguwa yayi.

Kafin ka dora wa gado ko magani laifi, tambayi kanka a wane hali ka fara shan magani. Wanda ya zo asibiti a rame, CD4 dinsa, wato adadin kwayoyin garkuwar jiki, ya fadi kasa da 200, kwayar cuta ta yi yawa a jini, watakila ga tarin fuka ga gudawa, wannan dole ya kara nauyi da zarar magani ya fara aiki, domin jikin da yake kona karfinsa wajen fada da cuta ya samu hutu, sha'awar abinci ta dawo. Wannan dawowar lafiya ce, ita ake nema, a gode wa Allah. Abin dubawa shi ne idan ka koma nauyinka na kafin rashin lafiya sannan sikeli yaci gaba da hawa bai tsaya ba.

Yanzu gadon. Yawancin magungunan da muke hadiya hanta ce take sarrafa su kafin su fita daga jiki, kuma kowanne da sinadarin da yake aikinsa. Na efavirenz sunansa CYP2B6. Ka dauke shi kamar injin nika, na wani yana cinye hatsi nan da nan, na wani kuma a hankali yake ja har buhuna su taru a bakin kofa. Saurin nan ko rashinsa ba kai ka zaba ba, daga uwa da uba ka dauko, kwafi daya daga kowanne. Wanda ya gaji mai jinkirin daga bangare biyu efavirenz yakan taru masa a jini fiye da na sauran mutane duk da kwaya iri daya suke sha, kuma irin wannan gadon yafi yawa a tsakanin 'yan Afirka fiye da Turawa.

Masu bincike daga Jami'ar Cape Town sun koma kan jinin mutanen ADVANCE suka duba wannan sinadari, abin da suka gani ya canza yadda ake kallon maganar gaba daya. A cikin masu shan efavirenz, wadanda hantarsu ke saurin fitar da shi sun kara nauyi kusan daidai da masu dolutegravir, wadanda tasu ke jinkiri su ne basu kara ba, wasu ma suka rage. Ma'ana wani kaso na bambancin da ake gani ba wai dolutegravir ne yake hura mutum ba, efavirenz ne yake danne kiba a jikin wadanda yake taruwa musu. A Amurka ma, a Jami'ar Vanderbilt, an bi mutanen da aka dauke daga efavirenz zuwa dangin su dolutegravir, aka ga masu jinkirin nan su suka fi kara nauyi bayan canjin. Shi dolutegravir wani sinadarin daban ne yake sarrafa shi, UGT1A1, don haka jinkirin CYP2B6 bai shafe shi ba, kawai abin da yake danne nauyin ne aka janye, jiki ya tafi inda da can yake son zuwa.

Wannan bayanin yana da amfani sosai ga wanda ya shekara biyar ko takwas a kan TLE yana nan siriri, aka canza masa kwaya sai gashi cikin shekara daya ya zama wani mutum. Irin wannan sai ya dauka sabon maganin guba ne, ya fara rokon a mayar dashi kan tsohon. Alhali siririntar da yake kewa watakila alamar tsohon ya yi masa yawa a jini ce. Idan ka tuna lokacin TLE kana yawan jiri, kai yayi nauyi da safe kamar wanda bai yi barci ba, mafarkai barkatai, abinci baya shiga, kuma abin bai lafa ba ko bayan watanni, to ka fada wa likitanka, domin masu jinkirin hanta sun fi samun wadannan. Alama ce kawai ba hujja ba, amma tana taimaka masa ya fahimci labarinka. Shi kansa TDF yana dan danne nauyi, shi ya sa wanda aka mayar kan TAF saboda matsalar koda ko kashi yakan ga kari.

Akwai kuma gado na biyu wanda bashi da alaka da HIV ko kadan, gadon kiba na gida. Binciken da aka yi a kan tagwaye ya nuna tsakanin kashi 40 zuwa 70 na bambancin nauyi tsakanin mutane daga kwayoyin halitta yake. Ba kwaya daya bace, daruruwa ne kowace da dan abin da take karawa, da yawansu kuma a kan yunwa da koshi suke aiki, wato wani yaci malmala daya ya ji ya isa, wani sai ta biyu kwakwalwa zata ce masa ya koshi. Wadda tafi shahara ita ce FTO da aka gano a 2007, wanda ya gaji kwafi biyu na samfurin mai sa kiba yakan fi wanda bashi da ko daya da wajen kilo 3. Kilo uku fa, ba talatin ba. Kuma an ga motsa jiki yana rage tasirinta da kusan kashi 30. Shi ya sa bana son jin an ce ai gidanmu haka muke, babu abin yi.

Wani zai ce to bari inje a gwada ni. Gwajin jinotayif da muka sani na AA da AS da SS na sikila ne, baya fadin komai a kan wannan. Gwajin CYP2B6 ba abu bane da ake yi a dakin karbar magani na yau da kullum, kuma ko an yi maka bazai canza shawarar likita ba tunda yanzu ba efavirenz kake sha ba. Kada ka kashe kudinka. Gwajin da zaka iya yi kyauta shi ne ka kalli gidanku: Umma da Baba, yayye da kanne, gwaggo da kawu, su waye masu jiki, wa yake da ciwon suga, wa yake da hawan jini, wa ya samu shanyewar barin jiki tun bai tsufa ba. Baka bukatar fada wa kowa dalilin tambayar. Idan ka samu biyu ko uku a jini na kusa, to ka sa a ranka kana cikin wadanda ya kamata su fara lura tun watan farko, ba sai riga ta ki shiga ba.

Lurar kuma da awo ake yinta ba da madubi ba. Duk ranar karbar magani ana dora ka a sikeli, to kada ka bari lambar ta tsaya a fayil, ka tambaya ka rubuta a wayarka da kwanan wata. Yanzu da ake bada maganin wata uku ko shida a lokaci daya tazarar ta yi yawa, nauyi zai iya hawa sosai kafin wani ya gani, don haka ka nemi sikeli a kemis ko gidan makwabta sau daya a wata, da safe, da kaya marasa nauyi, kuma sikeli guda ka rike domin basa fadin abu daya. Karin farko yafi sauri a shekarar farko zuwa ta biyu, nan ne ake son ido. Idan ka fara da nauyi daidai sannan ka kara kashi goma cikin dari a shekara, misali daga kilo 60 zuwa 66, wannan magana ce ta kaiwa gaban likita.

Lissafin da asibiti ke yi ma zaka iya da kanka: tsawonka a mita ka ninka shi da kansa, sai ka raba nauyinka da abin da ya fito. Mai kilo 75 da tsawon mita 1.6, ninki ya bada 2.56, rabawa ta bada 29 da 'yan kai. Daga 25 nauyi ya fara yawa, daga 30 kiba ce sosai. Amma ni nafi yarda da tef din tela, domin kitsen ciki shi ne mai jawo suga da ciwon zuciya, ba na cinya ko mazaunai ba. Ka zagaya tef daidai wajen cibiya bayan ka fitar da numfashi, ba tare da ka shanye ciki ba. Mace idan ta wuce santimita 80, namiji 94, an shiga wajen lura, 88 ga mace da 102 ga namiji kuwa hadarin ya karu. Hanya mafi sauki: kugunka kada ya wuce rabin tsawonka.

Sannan ka bambance kiba da kumburi. Kafa ta kumbura ka danna yatsa ya bar rami, fuska ta tashi da safe, numfashi yana sarkewa idan ka kwanta, nauyi ya hau cikin kwanaki kadan, wannan ruwa ne, koda ko zuciya ko hanta, asibiti zaka tafi a ranar ba sai ranar layinka ba.

Ka roki a rika duba maka hawan jini duk zuwa, suga akalla sau daya a shekara, da kitsen jini idan da hali, da gwajin koda tunda kana kan tenofovir. Jini 140 bisa 90 da ya maimaita kansa hawan jini ne. Sugan safe kafin a karya idan ya kai 7 a ma'aunin milimol, ko 126 a daya ma'aunin, ciwon suga ake zargi. Yawan kishirwa, yawan fitsarin dare, gajiya da gani dishi-dishi, kada ka jira shekara ta zagayo. A wurare da yawa ma'aikata sun yi kadan layi ya yi tsawo, idan bairal lod dinka, wato gwajin yawan kwayar cutar a jini, yayi kyau sai a ce madalla a sallame ka, to kai ne zaka bude baki ka ce a duba min jini da suga.

Abinci kuma. Ba zan ce ka bar tuwo ba, babu wanda zai iya, kuma ba a nan babbar barnar take ba. Ka fara da abin sha. Lemon kwalba na santilita 50 sukarin da ke ciki ya haura cokalin shayi goma, ga shayin safe mai madarar gwangwani da cokali uku na suga, ga zobo da kunun aya da fura da ake zuba wa sukari son rai, ga lemon kwali da ake kawo wa mara lafiya ana ganin gata ne. Duk wannan yana shiga ne ba tare da ka ji ka koshi ba, kuma wanda gadonsa na jinkirin koshi ne nan yafi cutuwa. Wanda ya yanke sukarin sha kawai ya yi babban aiki. Bayan shi sai suya, fanke, kosai, wainar fulawa, soyayyar doya, taliyar leda da ake ci da daddare da kwai uku da biredi.

A faranti ka juya tsarin: ganye da miya su yi yawa, tuwo ko shinkafa su ragu. Malmala daya maimakon biyu, miyar kuka ko kubewa ko taushe da yawa amma a rage mai, kwadon zogale ko rama, kabeji, latas, wake, awara, kifi, kwai dafaffe, gyada kadan. Tuwon dawa da gero da acca sun fi farar shinkafa da fulawa rike ciki. Gishiri da dunkulen dandano a sassauta saboda jini. Ban ce ka sayi wani abu mai tsada ba, yawancin wadannan sun fi abin da ake barin araha. Kuma mai ciki ko mai shayarwa, ko wanda har yanzu yake farfadowa daga rama ko yake shan maganin tarin fuka, banda shi a rage abinci, shi ci ake so yayi.

Motsa jiki minti 150 a sati ake nema, wato minti 30 kwana biyar, tafiya mai dan sauri wadda zaka ji numfashi ya canza. Bayan asuba ko bayan la'asar, ka sauka daga adaidaita tun kafin ka iso, ka taka zuwa masallaci mai dan nisa. Matan da basa fita su zagaya tsakar gida, su yi tsallen igiya idan gwiwa ta yarda, su tashi su zauna daga kujera sau ashirin. Ko sikeli bai motsa ba suga da jini suna gyaruwa. Barci ma yana ciki, wanda baya samun isasshe yafi jin yunwa, idan TLD yana hana ka barci ka tambaya ko zaka mayar da shi safe.

Akwai abin da yake min ciwo, dole in fade shi. Saboda tsoron kada a ga mutum ya rame a fara nuna shi, da yawa suna fara magani suna hadawa da maganin kiba, su sha-ka-fashe, ruwa da kwaya, wasu har da hadin da babu suna a jikinsa. Yawancinsu cyproheptadine ne mai bude ciki ko dexamethasone, shi kuma wannan na biyun yana hura fuska da ciki, ya tada suga da jini, ya cinye kashi, sannan ya raunana garkuwar jikin da kake shan magani kullum don ka gina. Na fahimci tsoron, bakin mutane ba dadi, amma TLD da abinci sun isa su dawo da jikinka. Wanda ya dade yana shan dexamethasone kuma kada ya yanke shi rana daya, yana da hadari, likita ne zai rage masa a hankali. Haka shayin rage kiba da ake tallatawa a Facebook da TikTok, akasari zawo yake sawa da fitsari, ruwa kake zubarwa ba kitse ba, koda ce take shan wahala. Allurar tazarar haihuwa ta wata uku da wasu magungunan kwakwalwa suma suna kara nauyi, ki fada wa likita duk abin da kike amfani da shi, har na gargajiya.

Idan kun zauna da likita ka je da lambobinka a rubuce: nauyin da ka fara da shi, na yanzu, kugu, tarihin gida, da wane magani kake kai a da. Zaka iya tambayar ko canza magani zai taimaka, hakkinka ne, amma ka sani binciken da aka yi a kan dauke mutane daga dangin dolutegravir bai nuna nauyin yana zubewa sosai ba, kuma komawa efavirenz na nufin dawowar jiri da maganin da cutar tafi saurin jure wa. Wanda yake kan TAF ne likita zai iya dubawa ko kodarsa zata dauki TDF. Idan suga ta kama ka aka rubuta metformin, ka tabbatar mai rubutawar ya san kana shan dolutegravir, domin yana kara yawan metformin a jini, yawanci ba a son a wuce miligiram 1,000 a rana sai da sa ido. Wannan yana faruwa idan mutum yana boye wa asibiti na biyu maganin da yake karba a na farko. Wanda ya kai shekara 40 kuma ya tambaya game da maganin kitsen jini, wani babban bincike mai suna REPRIEVE ya nuna a 2023 cewa pitavastatin ya rage bugun zuciya da shanyewar barin jiki da kusan kashi 35 a masu HIV.

Maganin karin jini mai sinadarin karfe, da kalsiyam, da ruwan maganin gyambon ciki mai kama da madara, suna kama dolutegravir a hanji su hana shi shiga jini. Ka sha TLD awa biyu kafinsu ko awa shida bayansu. Na karin jini da kalsiyam ana iya hada su da shi idan tare da abinci ne, amma banda na gyambon ciki.

Da azumi kuma, tunda sau daya ake sha a rana, ka tsayar da lokaci guda, sahur ko buda baki, ku daidaita da ma'aikacin da ke baka magani tun kafin wata ya kama. Wajen buda baki ne ake mayar da duk abin da aka rage har da riba, don haka dabino biyu ko uku da ruwa, a yi sallah, sannan a ci abinci daya mai ganye, kunun a rage masa sukari, kosai da soyayyen dankali ba kullum ba. Wanda yake shan maganin suga ya fara jin ta bakin likita kafin ya dauki azumin.